Nono, sankarar hanji da saƙon muryar da ya shiga ƙwaryar furarmu

Ranar Asabar ta makon jiya muka yi taron uwayen yara a lakwal ɗinmu. Maganar tebura ce ta tara mu, da ta rufin aji biyu da iska ta yaye tun farkon damina. Da aka shafa fatiha mutane suka fara watsewa, sai wani dattijo mai ƴaƴa uku a wurinmu ya jawo ni gindin bedi, ya rage murya ya ce: "Mushe, kai da ke karatun takardu, gaskiya ne nono na kawo kansa ta hanji? Ni dai yau sati ukku ke nan na hana a sa shi cikin hurar gidana."

Na tambaye shi inda ya samo wannan magana. Ya ciro salula ya kunna mini saƙon murya na WhatsApp, kusan minti tara. Wani mutum ne mai daɗin murya, ya buɗe da salati, yana bayani cewa madara ce ke ruɓar da hanjin mutum, wai Turawa sun daɗe da ganowa suka ɓoye don kada kasuwarsu ta mutu. Bai faɗi sunansa ba, bai faɗi garinsu ba, bai kama sunan likita ko ɗaya ba. Muna cikin saurare wata mahaifiya da ke tsaye kusa ta ce ita kuwa akasin haka ta ji a rediyo: kofi ɗaya na madara a rana yana kare mutum daga wannan cuta. Saboda haka ma, in ji ta, ta koma sayen madarar gwangwani mai zaƙi tana zuba wa yara a kunu kowace safiya.

Ga mutum biyu gabana, kowanne yana son ƴaƴansa, kowanne ya canja abincin gidansa a kan abin da ya ji da kunne. Na ce su ba ni mako guda. Ni malamin makaranta ne, ba likita ba, amma karanta takarda da lissafin kashi cikin ɗari aikina ne. Abin da na samo shi ne nake rubutawa nan, domin na tabbata wannan saƙo bai tsaya a salular dattijon kaɗai ba.

Cutar da ake magana ita ce sankarar babban hanji da dubura, wato ƙarshen hanyar abinci. Yawanci tana farawa ne da ɗan tsiro a bangon hanji ta ciki, wanda ba ya ciwo, ba ya nuna alama, sai ya yi shekaru kafin ya rikiɗe. A duniya ita ce ta uku cikin cututtukan daji wajen yawa, ta biyu wajen kisa. A shekarar 2022 an ƙiyasta mutum kamar miliyan 1.9 suka kamu, kusan 900,000 suka rasu. Ita ce ta yi ajalin Pele a ƙarshen 2022, yana dattijo. Ita ce kuma ta ɗauke Chadwick Boseman, ɗan wasan fim ɗin Black Panther da yaranmu suka sani, yana da shekara 43 kacal.

To, me binciken ya ce game da nono? Labarin da mahaifiyar nan ta ji yana da tushe. A watan Janairu na 2025 masu bincike na jami'ar Oxford ta Ingila, ƙarƙashin Dakta Keren Papier, suka fitar da sakamakon wani dogon aiki a mujallar Nature Communications. Mata 542,778 suka bi har sama da shekara 16, suna rubuta abin da suke ci da sha. A tsawon lokacin mata 12,251 suka kamu da sankarar hanji. Aka jera nau'in abinci da sinadarai 97, aka duba wanne ke tafiya da ƙaruwar cutar, wanne ke tafiya da raguwarta. Abu biyu suka fi fitowa fili. Giya tana ƙara haɗari: giram 20 na barasa a rana, kashi 15 cikin 100. Kalsiyom kuma, sinadarin nan da ke gina ƙashi da haƙori, yana tafiya da raguwa: ƙarin miligiram 300 a rana, kashi 17 cikin 100. Miligiram 300 shi ne kimanin abin da ke cikin rubu'in lita na madara, babban kofi ɗaya ke nan. Daga nan ƴan jarida suka samo kofinsu.

Kuma wannan bincike bai zo shi kaɗai ba. Tun 2017 asusun binciken cutar daji na duniya, wanda ake kira WCRF, ya tattara ayyuka da dama daga ƙasashe daban-daban ya ce akwai hujja mai ƙarfi cewa madara da dangoginta suna rage haɗarin wannan cuta. Lissafinsu ya ba da raguwar kashi 13 cikin 100 ga giram 400 a rana. Wato a kan sankarar hanji, mai saƙon murya ya juya gaskiya ne ya ɗora ta bisa kanta. Inda ya ce ƙari, takardu ragi suka nuna.

Dalilin da masana ke bayarwa ma ba shi da wuyar ganewa. Idan mutum ya ci maiƙo, matsarmama tana zubo ruwanta mai ɗaci cikin hanji don a narkar da shi. Saura daga wannan ruwa, tare da sauran maiƙon, yana gangarawa babban hanji, inda yake damun bangon hanjin shekara da shekaru. Kalsiyom yana kama su ya ɗaure, su zama kamar gudajin sabulu marar illa, su fita tare da bayan gida. Abin da ya fi jan hankalina a aikin Oxford shi ne, kalsiyom ɗin da bai fito daga madara ba shi ma ya nuna irin wannan alaƙa. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa, domin ya shafi gidajen da ba su da kuɗin nono.

Yanzu bari in sa hular malamin lissafi, don a nan ne mahaifiyar nan ta zame, kuma ba laifinta ba ne. Kashi 17 cikin 100 na mene ne? A Ingila, cikin mata 20 kimanin ɗaya ce za ta gamu da wannan cuta a tsawon rayuwarta. Cikin mata 100, biyar ke nan. Ɗauki kashi 17 cikin 100 na biyar, bai cika ɗaya ba. Ma'ana, in duk matan nan ɗari sun ƙara kofin madara kullum, maimakon biyar su kamu, huɗu da ɗan ɗoriya za su kamu. Ga ƙasa mai miliyoyin mutane wannan rayuka ne masu yawa, kuma ban raina shi ba. Amma ga mutum ɗaya, huɗun nan suna nan, kuma dukansu masu shan madara ne. Duk malamin da ke koyar da kashi cikin ɗari, ga misali nan ya samu kyauta. Ya fi lissafin ɗan kasuwar da ya sayi buhun gero ya sayar da riba, wanda yara suka haddace har sun gaji.

Abu na biyu, matan da aka bi ƴan Ingila ne, masu matsakaicin shekaru zuwa tsufa, mafi yawansu farar fata, masu cin abincin can. Irin wannan bincike yana kallon abin da mutane ke yi ne da kansu, ba a raba su gida biyu an ce ku sha, ku kada ku sha ba. Mai shan madara kullum yana iya zama shi ne kuma mai cin ganye, mai motsa jiki, mai zuwa asibiti da wuri. Masu binciken sun yi ƙoƙarin cire tasirin waɗannan da lissafi, har sun duba ta hanyar gado: mutanen da aka haifa da ikon narkar da madara, waɗanda a bisa ɗabi'a suka fi shan ta, su ma an ga cutar ta ragu a cikinsu. Wannan ya ƙara wa maganar nauyi.

Sai dai gaskiya ta sa in faɗi inda mai saƙon murya ya tsinci ƙwayar da ya shuka ƙaryarsa a kai. WCRF ɗin nan da ta wanke madara a kan hanji, ita ce kuma ta ce akwai alama, mai rauni, cewa yawan shan madara yana iya tafiya da ƙaruwar sankarar prostat, ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Wani babban bincike a ƙasar Sin da ya fito a 2022, a kan mutum wajen rabin miliyan, ya ga alaƙa tsakanin shan madara da sankarar hanta da ta mama, bai kuma ga wata kariya ga hanji ba. Saboda alamar prostat ɗin nan ne WCRF ba ta ba da umurnin a sha ko a bari ba. A ganina, wanda ya karanta duk wannan da idon basira zai fito da abu mai sauƙi: ludayin nonon da ke cikin furar gidanmu ba abin tsoro ba ne, kuma babu dalilin mayar da shi kamar maganin da ake sha da awo. Mu ma ina muka ga yawan? Damuwar masana a can ita ce mai yawan shan madara kullum. A nan, gida nawa ne ke ganin lita guda a mako idan rani ya yi tsakiya?

Wannan ne ya sa hukuncin dattijon ya fi damuna a kan na mahaifiyar. Yaransa uku suna cikin shekarun da ƙashi ke ginuwa. Yaro mai tasowa yana buƙatar kalsiyom fiye da babba, wajen miligiram 1,300 a rana a shekarun balaga, babba kuma wajen 1,000. Tuwon gero da miyar da ba ta ji kayan haɗi ba ba sa kusantar wannan. A gidaje da yawa ɗan nonon fura shi ne kaɗai abin dabba da ke shiga cikin yaro daga Juma'a zuwa Juma'a. Mu da ke tsaye gaban allo mun san yaron da ya karya da fura mai nono, mun san wanda ya zo da ruwan gari kawai: kafin ƙarfe sha ɗaya na biyun ya kifa kai bisa tebur. A ƙasar da tamowa ke kwantar da yara kowace shekara a Maraɗi da Damagaram da Tawa, cire nono daga ƙwarya saboda tsoron cutar da nonon ma ragewa yake yi, asara ce biyu. Sankarar hanji yawanci cutar bayan shekara arba'in ko hamsin ce. Yunwar yaro kuwa ta yau ce.

Akwai wanda zai ce: to ni Mushe, in na sha madara cikina ke kumburi, ya yi ta ƙugi, wani lokaci har zawo. Ba alamar tana ɓata hanji ba ke nan? A'a. Madara tana da wani sukari nata, kuma mafi yawan mutanen duniya, bayan yaye, jikinsu yana rage sinadarin da ke narkar da shi. Fulani da Buzaye, da suka gaji kiwo kaka da kakanni, da yawansu suna riƙe da wannan iko har tsufa. Hausawa da yawa ba su da shi sosai. Kumburin ba ya da daɗi, amma ba ya rikiɗewa ya zama sankara. Kuma kakanninmu sun warware matsalar tun kafin a san sunanta. Ba ɗanyar madara Bahaushe ya saba sha ba, nono ne, wanda ya kwana ya yi tsami. Ƙwayoyin da ke tsamar da shi suna cinye wani ɓangare na sukarin nan, suna kuma taimaka wa ciki da sauran, kalsiyom ɗin kuwa yana nan daram. Ko tsala, da aka kaɗa aka cire man, ba ta rasa shi ba, domin kalsiyom ba ya bin mai. Man shanu kusan babu kalsiyom cikinsa. Mai kuɗi ya sayi man, talaka ya sayi tsalar, kuma a wannan lissafi talakan ne ya tafi da abin da hanji ke so.

Na san ana ƙorafin cewa da rani wasu masu tallar nono suna ƙara ruwa da garin ƴaƴan kuka don ya yi kauri. Haka ne, kuma mai saye ya yi ciniki da ido buɗe. Abin dariyar shi ne garin kukar ma yana da nasa kalsiyom. Ruwan da aka ƙara shi ne abin dubawa, daga wace rijiya ya fito.

Idan akwai haɗarin gaske cikin madara a ƙasarmu, ba sankara ba ne, ɗanyenta ne. Tarin fuka na shanu yana shiga mutum ta madarar da ba a dafa ba. Haka cutar nan da ke sa shanu da awaki ɓari, wadda a jikin mutum take zama zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi, a yi ta shan maganin zazzaɓin sauro ba sauƙi. Maganin wannan bai wuce tukunya da wuta ba: a tafasa madarar, a bari ta huce, sannan a zuba mata ɗan tsohon nono ta kwana. Tafasawa ba ta kashe kalsiyom. Tsami shi kaɗai ba ya isa ya kashe waɗannan ƙwayoyi duka. Jariri kuma da bai kai wata shida ba, nonon uwarsa kawai, ba na saniya ba, ba na akuya ba, ba ruwa ba.

Sai maganar mahaifiyar nan da gwangwaninta. Madarar gwangwani mai kauri mai zaƙi, fiye da kashi 40 cikin 100 nata sukari ne da aka zuba. Kafin yaro ya samu kalsiyom ɗin kofi ɗaya daga cikinta, ya sha sukarin da ya wuce ƙima, ga haƙora, ga ƙiba in abin ya ɗore. Ƙiba kuwa tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗarin sankarar hanji. Akwai kuma farin garin da ake sa wa shayi wanda ba madara ba ne sam, mai ne da sitaci da sukari. Akwai na uku, garin da ake ƙullawa a leda a kasuwa daga manyan buhuna masu kilo 25: da yawansa madara ce da aka cire wa manta a Turai aka maye gurbinsa da man ja da aka tace, don ya yi araha. Wannan yana da kalsiyom, kada in yi masa ƙarya, amma mai saye ya cancanci ya san abin da yake saye. Tun 2018 ƙungiyoyin makiyaya na Afirka ta Yamma suke kamfen a kan wannan, suna cewa garin da ke shigowa da harajin kashi 5 cikin 100 kacal yana kashe kasuwar nonon gida.

Ni ina tare da su, kuma ba don kishin ƙasa kawai ba. Abin kunya ne ƙasar da ke da saniyar Azawak, wadda ake kiwon irinta a Tukunus, ƙasar jar akuyar Maraɗi da ake nema har ƙetare, ƙasar raƙuma da cuku, a ce yogot ɗin da ɗan birni ke sha yawancinsa daga garin waje aka dama shi. Da damina nono yana yawa a ruga har ya rasa mai saye, da rani ya ɓace. Wuraren tara madara irin na Hamdallay da Kollo da ke kai wa Yamai sun nuna cewa abin yana yiwuwa in akwai sanyi da hanya. Duk lakwal mai kantin, kafin a yi maganar wani abu, kwamitin uwaye ya tambaya ko akwai rugar da ke kusa da za a yi yarjejeniya da ita, ko da sau biyu a mako. Akuya biyu a bayan gida ma ba ƙaramin abu ba ne ga yaran gidan.

Na ce zan dawo kan waɗanda ba su da kuɗin nono. Tunda kalsiyom ne ake zaton yana yin aikin, to yana nan cikin abubuwan da muke takawa mu wuce. Ganyen zogale, wanda wasunmu ke ce wa tamakka, yana da shi da yawa. Garin kuka na miya haka. Riɗi haka. Ƙananan busassun kifi da ake dakawa da ƙayarsu haka. Jiki ba ya tsotse na wasu ganyaye kamar yadda yake tsotse na madara, amma dambun zogale da ƙuli-ƙuli da ake sayarwa a ƙofar lakwal ya fi ruwan leda mai kala da biskit nesa ba kusa ba, kuma kuɗinsu ɗaya ne. Dala ashirin ɗin da muke ba yaro da safe, mun taɓa tsayawa lokacin hutun ƙarfe goma mu ga inda take tafiya?

Wannan ya kawo ni ga abin da nake ganin ya fi kofin madara girma. Wani likitan fiɗa ɗan Ailan, Denis Burkitt, wanda ya yi shekaru yana aiki a Yuganda, ya lura cewa sankarar hanji da ta cika asibitocin Turai da wuya ya gan ta a ƙauyukan Afirka. A 1971 ya rubuta cewa bambancin yana cikin abinci: mutanen ƙauye suna cin hatsi da dusarsa, da wake, da ganye, abin da ciki ba ya narkarwa duka, wanda ke sa bayan gida ya yi yawa ya fita da sauri. A 2015 wasu masu bincike suka gwada abin a aikace. Suka ɗauki baƙaƙen Amurka 20 da mutanen karkarar Afirka ta Kudu 20, suka musanya musu abinci na mako biyu. Cikin mako biyun nan kawai, alamun haɗari a bangon hanjin Amurkawan suka ragu, na ƴan Afirkan suka ƙaru. Mako biyu! Mu kuwa a biranenmu shekara nawa muka yi muna wannan musanya da kanmu, ba wanda ya sa mu? Farar shinkafa da taliya da burodi sun ture gero da dawa da wake. Lemun kwalba ya ture fura. Yaron da ya zo da ɗan wake a kwano abokansa na yi masa dariya, wanda ya zo da burodi da sosis shi ne ɗan gayu.

Sosis ɗin nan kuwa, da naman gwangwani da danginsu, su ne hukumar binciken cutar daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Liyon a Faransa ta sa cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankarar hanji, a watan Oktoba na 2015. Ta ce giram 50 a kowace rana yana ƙara haɗari da kashi 18 cikin 100. Jan nama kuma ta ce mai yiwuwa ne. Cikin misalan naman da aka sarrafa har da busasshen nama mai gishiri, wanda ɗan'uwan kilishinmu ne. Kada mutanen Madawa su yi fushi da ni. Kilishin tsaraba da naman Layya ba su ne matsala ba, kalmar "kowace rana" ita ce. Ma'aikacin da ya mayar da tsire da balangu abincin darensa kullum, ya bi da lemun kwalba, ya hau babur daga ƙofar gida zuwa ƙofar ofis, ga tumbi ya fara fitowa ana yi masa barka da hutu, shi ya kamata saƙon murya ya tsorata. Ban taɓa jin an turo saƙo a kan wannan ba. Nonon Bafulatana ya fi sauƙin zargi.

Akwai abin da ya sa na ɗauki tambayar dattijon da zafi, har na kwana uku ina karatu. Shekarun baya na yi aiki da wani malami a wata lakwal ta ƙauye, ɗaki ɗaya muke kwana. Mutum ne da bai taɓa wuni ba tare da fura da nono ba, ba ya shan taba, bai san giya ba. Yana da shekara arba'in da ƴan kai ya fara ganin jini a bayan gida. Ya ce basir ne. Kowa ya ce basir ne, har da ni. Ya sha jiƙo, ya sha na masu lasifika a kasuwa, ya sha na wani mai magani da aka yi masa kwatance a hayin iyaka. Jinin ya tsaya ya dawo. Wandonsa ya fara yi masa yawa, muka ce wahalar ƙauye ce. Yana shiga bayan gida ya fito ya ce kamar bai gama ba. Fiye da shekara guda aka yi haka kafin ya yarda ya je babban asibiti, daga can aka tura shi Yamai. Da aka leƙa hanjin da na'ura, abin ya riga ya kai hanta. Bai ga wata damina ba. Ya bar mata da yara biyar, babbar tana aji shida.

Nonon da ya sha duk rayuwarsa bai hana ba, kuma ba shi ya kawo ba. Abin da ya cinye masa lokaci kalma ɗaya ce, basir, da kunyar a duba wurin da ba a son nunawa. Basir gaskiya ne, yana zubar da jini, kuma mafi yawan masu ganin jini shi ne ke damunsu. Atuni ma haka. Amma ba mai iya bambancewa da ido daga gida, kuma mai lasifika bai taɓa duba kowa ba. Likitocin fiɗa na yankinmu sun daɗe suna faɗin abu biyu: masu wannan cuta a nan sun fi na Turai ƙuruciya, kuma suna zuwa a makare. Alhali tana cikin cututtukan daji da ake warkewa in an kama da wuri, wani lokaci ma a cire tsiron tun bai rikiɗe ba. A Faransa duk mai shekara 50 zuwa 74 ana kiransa gwajin bayan gida kowace shekara biyu, Amurka ta sauko da nata zuwa 45. Mu abin da ke hannunmu shi ne mu san alamun. Jini a bayan gida, ja ko baƙi. Canjin fitar bayan gida da ya wuce mako uku, zawo ko taurin ciki ko su riƙa karɓa-karɓa. Rama ba dalili. Ƙarancin jini da kasala ga namiji ko ga macen da ta daina al'ada. Wanda kuma mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi cutar, ya faɗa wa likita tun ba a tambaye shi ba. Yamai tana da cibiyar yaƙi da cutar daji ta ƙasa, wadda ta fara gashin cutar da na'ura a 2021, amma hanyar zuwa can tana farawa ne daga likitan garinku, da yarda a duba.

Jiya Asabar na je gidan dattijon da kaina bayan la'asar. Na yi masa bayanin nan duka a taƙaice, har da lissafin mata ɗari, na zana masa a ƙasa da tsinke. Ya yi dariya ya ce ai daga baya ya gano uwargida ba ta taɓa bin dokar ba, in ya fita kasuwa sai ta zuba wa yara nonon a tasu ƙwaryar, shi kaɗai ne ya yi sati uku yana shan farau-farau. Aka kawo mana fura, da nono wannan karon, muka sha.

Da na tashi tafiya ya raka ni har bakin hanya. Can ya tsaya, ya duba hagu da dama, ya ce: "Mushe, maganar jinin nan da ka yi. Ƙanena, wanda ke bi mini, tun kafin azumi yake fama, muna ta ba shi na basir." Na tambayi shekarunsa, ya ce hamsin ba ɗaya. Na ce kada a ƙara ko mako guda. Mun yi da shi gobe Litinin da sassafe zan biya da babur in ɗauki ƙanen, in sauke shi asibiti kafin in wuce aji.